Tasar Farrusco

Ranar Talata ya daina tauna.
Ya zo bakin tasa kamar kullum,
ya ɗauki ƙwaya ɗaya ta busasshen abincinsa,
ya karkata kai kamar mai satar jin gulma ta bango,
sai ya saki. Ta gangara ƙarƙashin firiji.
Na ce tsufa ne ya zo masa da iyayi.
Kwana uku ina zarginsa.
Allah ya yafe mini kwana ukun nan.

Likita Telma ta ɗaga leɓensa da ɗan yatsa:
dasashi ja wur, kamar garwashin da muke gasa kifi a kai
a bakin tashar jiragen Matosinhos.
Ta ce, "Muzuru ba ya kai ƙara, Abílio,
ciwonsa yakan ɓoye kamar bashi."
Haƙora biyar ta cire.
Ta miƙo mini su a 'yar kwalba,
har yau ban san abin da ya sa na karɓa ba.

Mai laushi, in ji ta. Mai ɗan ɗumi.
Ban da ƙaya, ban da gishiri,
albasa da tafarnuwa kuwa ko a mafarki.
Na ce, likita, a garin nan
ko iska da gishirinta take shigowa ta taga.
Ba ta yi dariya ba.

Shekara talatin da takwas ina jan koma a tekun nan,
ban taɓa tsayawa karanta abin da zan sa a baki ba.
Yau ga ni a kanti, tabarau a kan hanci,
ina bin rubutun gwangwani kamar wasiyya:
wannan kaza ce da aka niƙa,
wannan zomo ne cikin romo,
wannan sunan kifi kawai ya ara, cikinsa duk gari.
Kowane da hoton kyanwa mai cikakkun haƙora
tana murmushin da ba ta san komai ba.
Na lissafa fansho sau biyu a tafin hannu,
na mayar da kwalbar giyar da na ɗauka,
na sayi mafi tsada.

Ya shinshina. Ya dube ni.
Ya juya mini wutsiya.

Graciete mai kifi ce ta fisshe ni.
"Daga firiji ka ba shi? Kai ma da sanyi
haƙoranka suka fara guje maka."
Ta naɗe mini wutsiyar farin kifi a takarda,
ta ƙi karɓar ko sisi.

Na dafa shi da ruwa zalla.
Na zauna kusa da taga inda haske ya fi,
ina laluben ƙaya da yatsun da igiya ta cinye,
ɗaya, ɗaya, har waɗanda ido ba ya gani,
yadda Ondina take yi mini
shekarar da aka raba ni da nawa.
Lokacin ban ce mata na gode ba.
Na ɗauka haka kifi yake zuwa.

Na murƙushe da bayan cokali,
na haɗa da rabin gwangwanin jiya,
na zuba romo, na gwada ɗumin a bayan hannu.

Ya zo a hankali, kamar mai shiga gidan da aka taɓa korarsa.
Lasa ɗaya. Shiru.
Lasa ta biyu.
Sai wani ƙaramin inji ya tashi a ƙirjinsa,
irin na jirgina da asuba, in ya ga dama.

An ce harshe da haƙori ma sukan saɓa.
A gidan nan mun huta da wannan rigima.
Da dare nawa suna kwana a kofin ruwa,
nasa biyar a kwalba, gefe da gefe kan kanta,
mu biyu kuma a gado, baki fayau.

Gobe Juma'a.
Graciete ta ce in zo da wuri,
kafin masu gidajen abinci su kwashe wutsiyoyin.